Kafin ka ɗauki pelu: yadda nake horar da matasa duba gaɓar Isa da share ta in mai ya zube

Duk wanda na gaya ma ina koya ma matasa aikin duba gaɓa da share ta in mai ya zube sai ya yi dariya ya ce to wane teku gare mu a Nijar? Haka ne ba mu da teku, amma muna da kogin Isa, kuma kullum ta Allah sitarni ɗauke da esansi ko gazuwal na wucewa ta gefenshi wasu ma su ƙetare gada, ga masu gareji da masu wankin mota da ke tuttula baƙin mai cikin magudana ruwan sama ya kwaso shi ta Gunti Yena ya sauke a kogi, ga injinan ban-ruwa na masu shinkafa a Saga da Kirkisoy da Libore. Tun 2011 aka buɗe matatar SORAZ a Damagaram mai ƙarfin ganga dubu 20 a rana, kuma tun 2024 ɗanyen man Agadem ke bin bututu mai kusan kilomita 2000 zuwa Seme a ƙasar Benin, bututun da ya ratsa jihar Tawa da ta Doso ya ƙetare kogi ta wajen Gaya. Ruwan famfon da muke sha a Yamai kuwa yawancinshi daga kogin nan ake jan shi a tace a Gudel. To wa zai ce abin bai shafe mu ba.

Wanga rubutu na yi shi ne don wanda aka ɗora ma nauyin horar da mutane, ko ma'aikacin muhalli ne ko na magajin gari ko shugaban ƙungiyar matasan unguwa ko na masunta. Tsarin da nake bi ba ni na ƙirƙiro shi ba, ana ce mishi SCAT, wato tsarin duba gaɓar da mai ya ɓata don a san yadda za a share ta, ya samo asali ne a 1989 lokacin da jirgin Exxon Valdez ya bugi dutse a Alaska ta Amurka ya zubar da wajen tan dubu 37 na ɗanyen mai, gaɓar da ta ɓaci ta yi yawa har aka ga dole a samu hanya guda da kowa zai bi ya duba ya rubuta abin da ya gani da kalmomi iri ɗaya. An yi aiki da shi sosai a 2010 a tekun Meksiko bayan fashewar dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon, masu Faransanci kuma suna da cibiyar Cedre a Brest ta Faransa da ke koyar da kusan abu guda. Ni dai na ɗauko shi na gyara shi ya dace da kogi, don mu ba mu da ruwan da ke cika ya janye sau biyu a yini irin na teku, namu hawa da saukar na watanni ne.

Mataki na farko zaɓen mutane, kuma nan ake yawan yin kuskure a tara mutum 50 a aji don a ga taro ya cika a hoto. Mutum 12 zuwa 16 sun isa, a raba su ƙungiya-ƙungiya ta mutum 3 ko 4. Kowace ƙungiya ina so a samu mai iya rubutu da zane, da ma'aikacin muhalli ko na gandun daji, da masunci ko mai jirgi wanda ya san ruwan wurin, in kuma mai ya zube da gaske sai a ƙara wakilin wanda ya zubar da man, ba don ana son shi ba sai don ya gani da idonshi ya sa hannu a takarda ɗaya da kowa, gobe kar ya ce ƙari aka yi mishi. Kar a bar mata a baya, masu garka da masu wanki a bakin ruwa su ke fara jin wari tun kafin wani shef ya taso daga biro. Masu duba daban masu shara daban, ko da mutanen guda ne to aikin biyu ne, wanda ke riƙe da kaye yau ba ya taɓa pelu.

Yinin farko gaba ɗayanshi na tsare rai ne, ba na yarda a gajarta shi. Ina fara musu da abin da ya faru cikin watan Mayu 2019 kusa da filin jirgin sama na Yamai, sitarni ta kife mutane suka zo da bido suna kwasar esansi wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Kusan duk ajin da na shiga sai an samu wanda ya san wani a cikinsu, shi ya sa ba na buƙatar dogon bayani. In esansi ne ya zube babu wanda zai kusanci wurin, a kira 'yan kwana-kwana a 18, a kashe babur da injin da ke kusa, babu taba babu shayi a gefe, a kori yara, a tsaya ta inda iska ke fitowa ba ta inda take zuwa ba, kuma ba a tare esansi da shingen da ake shimfiɗawa kan ruwa a tara shi wuri guda don tara shi tara wuta ne. Sai 'yan kwana-kwana sun ce wurin ya yi lafiya sannan masu duba su shiga. Ɗanyen mai sabon zuba shi ma yana fitar da tururi mai guba, akwai benzin a ciki, wani kuma yana da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda in ta yi yawa hanci ya daina jin ta, saboda haka wanda ya ce kanshi na juyawa ko yana jin amai a fitar da shi nan take kar a ce mishi rago.

Kayan jiki: takalmin roba dogo, safar hannu ta roba mai kauri wadda mai ba ya ci, rigar aiki mai dogon hannu, tabarau, rigar ceto ga duk wanda zai hau jirgi ko ya tsaya kan gaɓa mai tsayi. Amma ka tuna zafin Afrilu da Mayu a Yamai da ke haura 40, mutum cikin roba tun daga sama har ƙasa zai iya faɗuwa kafin azahar, don haka a fara da sassafe a tsaya in rana ta take, a koma bayan la'asar, ruwan sha da inuwa su riga kowa isa wurin. Ga tsargiya a ruwan kwance, ga macizai cikin burgu, ga dorina wadda ba ta san kana aikin alheri ba. In mai ya taɓa fata a goge da man gyaɗa sannan sabulu da ruwa, kar a wanke da kalanzir ko esansi yadda makanikai suka saba. Kuma tun ranar nan nake shimfiɗa igiya a ƙasa in raba fili uku, wurin datti da wurin tuɓe kaya da wurin tsabta, ƙofar shiga guda ta fita guda, su yi ta shiga da fita har jikinsu ya saba, don in ba haka ba takalmi ne zai kai man har cikin gida.

Sai sanin man kanshi, wanga ba ya ɗaukar lokaci. Ina zuwa da kwalabe huɗu a rufe, esansi da gazuwal da baƙin man inji da mai nauyi in an samu, in ɗiga kowane cikin roba mai ruwa su kalla. Esansi ya baje ya tashi sama da sauri, gazuwal ya fi shi daɗewa yana shiga rairayi kamar ruwa kuma yana kashe kifi a ruwa marar zurfi, baƙin mai da mai nauyi su ke manne ma ciyawa da dutse su daɗe, in suka cakuɗu da ruwa su kumbura su zama kamar kunun gyaɗa mai kauri, in suka haɗu da laka ko rairayi suna iya nitsewa. Haka ya faru a kogin Kalamazu na Amurka a 2010, bututu ya fashe fiye da lita miliyan 3 suka zube kogin na cike, man ya hau fadama wani ya nitse ƙasan ruwa aka yi shekaru ana nema. Abu biyu nake so su riƙe a ka. Lita ɗaya tak in ta baje ta yi siririn ƙyalli tana iya rufe murabba'in mita 1000, saboda haka faɗin ƙyalli ba shi ne yawan mai ba, mafi yawan man na can inda ya yi baƙi ya yi kauri. Na biyu mai na tafiya da cikakken gudun ruwa, iska kuma tana tura shi da wajen kashi 3 cikin 100 na gudunta. A Yamai kogin na gangarawa ne daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, to da hunturu iska na tura mai wajen Harobanda da ke ƙetaren kogi, da damina kuma ta turo shi wajen gari.

Mataki na gaba shi ne a yanka gaɓa gunduwa-gunduwa tun babu abin da ya zube, ana zaman lafiya. Kowane yanki daga mita 200 zuwa kilomita 2, a yanke inda yanayin gaɓa ya canza ko inda akwai alamar da kowa zai gane, gindin gada ko bakin magudana ko ƙarshen digi ko wani babban icce. Hagu da dama ana faɗinsu ne kana fuskantar inda ruwa ke tafiya, gari na hagu Harobanda na dama, sai a ba su lamba, HG-01, HG-02, DM-01 haka har ƙarshe. Kowane yanki a rubuta ƙasarshi mi ce, dutse ko siminti ko tsakuwa ko rairayi ko laka ko ciyawa, ta ina mota ko amalanke ke iya shiga, mi ke wurin da ake tsoron ya ɓaci, bakin bututun jan ruwa ko mashayar dabbobi ko garka ko gonar shinkafa ko wurin da kifi ke ƙwai. Amurkawa na jera gaɓa daga 1 zuwa 10 gwargwadon rauninta, dutsen da ruwa ke duka kullum shi ne 1, fadama mai ciyawa da ruwa kwance ita ce 10, a wurinmu burgu da shinkafa su ne 10 ɗin.

Nan ne masunta ke zama malamai mu mu koma ɗalibai. Na taɓa tambayar wani dattijo cikin Sarkawa na ce Baba in mai ya taho daga sama ina zai tsaya, ya dube ni ya ce ɗana ai ba sai ka tambaya ba, je ka ga inda kainuwa da leda ke taruwa can zai je. Kuma haka abin yake, bayan tsibiri, cikin lungun da ruwa ke juyawa, gindin ƙafafun gada. Wuraren nan a sa musu alama a taswira, kuma in labari ya zo mai na tafe a riga shi zuwa a kwashe sharar da ke wurin tun tana da tsabta, don kainuwar da ta sha mai ta zama kaya mai nauyi da sai an nemi inda za a kai ta.

Yanzu ga zuciyar horon, koya ma ido gani da koya ma baki kalma guda. In ka tura mutum huɗu su dubo wuri guda ɗaya zai ce ya ɓaci ƙwarai, ɗaya ya ce da sauƙi, ɗaya ya ce wallahi abin ba a magana, na huɗu ya turo hoto ta WhatsApp babu bayani, to shef ɗin da ke da mutum 30 da kamyo guda ina zai tura su? Don haka ake tambaya huɗu a kowane wurin da mai ya kwanta: tsawo nawa, faɗi nawa, kashi nawa na ƙasar ya rufe, kaurinshi nawa. Tsawo da faɗi da mita ake aunawa, in babu mita, kowa ya auna takunshi tun a aji ya san taku nawa ke ba shi mita 10. Rufin ƙasa aji biyar ne, ni na sa musu sunan Hausa don su zauna a ka: ƙasa da kashi 1 cikin 100 ɗigo-ɗigo, daga 1 zuwa 10 jefi-jefi, daga 11 zuwa 50 dabbare-dabbare, daga 51 zuwa 90 mai giɓi, daga 91 zuwa 100 malale. Kauri shi ma biyar: wanda ya wuce santimita 1 kwance, daga milimita 1 zuwa santimita 1 lulluɓi, wanda bai kai milimita 1 ba amma farce na kankare shi shafe, wanda ake gani farce ba ya kankarewa rini, sai ƙyalli mai launin bakan gizo. Da farko tabo muke ce ma na huɗun, sai muka ga a talho kowa na rubuta tabo da taɓo iri ɗaya ba a san ko laka ake nufi ba, shi ne muka koma rini.

Yadda nake koyar da shi, a samu katako huɗu a haɗa murabba'i mita ɗaya-ɗaya, a aza kan rairayi, a barbaɗa garin gawayi ko a jera baƙaƙen leda da aka yanka wanda kai malami ka san kashi nawa ne, kowa ya rubuta nashi a ɓoye sannan a buɗe. Za ka sha dariya, wurin da yake 20 wani zai ce 60, kusan kowa sama yake kaiwa don baƙi na cika ido. A yi ta maimaitawa sau 10 sau 20 har amsoshinsu su riƙa faɗawa aji guda. Ba a zuba mai na gaske a gaɓa don horo, ko kaɗan. Bayan nan a yi lissafi guda tare: tsawo mita 200, faɗi mita 2, rufi kashi 30, kauri milimita 2, ya ba da lita 240, kusan tano guda da ɗan kai. Wanda ya zo yana cewa sitarni guda ce kwance a wurin sai jikinshi ya yi sanyi.

A koya musu kuma abin da ke kama da mai alhali ba shi ba ne, gansakuka da baƙar laka da ruɓaɓɓen ganye da ruwan marina ko na majema. Akwai wani ƙyalli da ke fitowa a ruwan kwance na fadama wanda ƙwayoyin halitta ke yi, ka sa kara ka taɓa shi, in ya farfashe kamar gilashi bai koma ya haɗe ba to ba mai ba ne, na mai murɗewa yake ya koma ya haɗe. Hoto kuma a aza bik ko dala ashirin a gefe don a gane girma, a ɗauki ɗaya daga nesa ɗaya daga kusa, a kunna GPS na talho, a rubuta lambar yanki da rana da awa a kaye. Da zane na hannu ko ba kyau, kibiya na nuna inda ruwa ke tafiya.

Sai tono. Wanda bai tona ba bai duba ba. Gazuwal na shigewa rairayi sama ta yi fes, iska ko ruwa kuma na iya rufe mai da sabon rairayi cikin kwana guda. A tona ramuka a jere daga bakin ruwa zuwa sama, a yanke gefen ramin da wuƙa ko cokalin magina ya yi sumul, a auna daga santimita nawa man ya fara zuwa nawa ya ƙare, a jira ruwa ya tsattsafo a ga ko da ƙyalli a kanshi, a mayar da ƙasar. A horo nakan je da dare in binne layin garin gawayi a wurare uku ba tare da sun sani ba, ƙungiyar da ta dawo ta ce yankin lafiya lau sai in miƙa musu pelu in ce ku koma. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni a Najeriya ya samu mai ya nitse har mita 5 a wasu wurare, ya kuma ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30, abin da aka bari ya daɗe ke nan. Samfur in za a ɗauka a sa a kwalbar gilashi mai tsabta ba ta roba ba, a rufe a rubuta wuri da rana da sunan mai ɗauka, a ajiye a sanyi, duk wanda ya karɓa ya sa hannu, ranar maganar diyya wanga takarda ita ce shaida.

Kuma a riƙa duba ma'aunin ruwa. Isa a Yamai hawa biyu gare shi, jan ruwa na damina wajen Agusta da Satumba, da baƙin ruwa mai zuwa daga Gine wajen Disamba da Janairu, sannan ya janye sosai a Mayu da Yuni. In ruwa na janyewa mai zai bar layi-layi a gaɓa kamar matakala, a duba har sama, in yana hawa kuma abin da ke kwance yau gobe zai tashi ya tafi Saga, to wanga wurin shi za a fara.

Daga kaye sai shawara, kowane yanki a ce mi za a yi, da mi, wa zai yi, mi aka hana. Aikin hawa uku ne, a fara kwashe mai kwance da mai yawo kan ruwa don shi ke iya tashi ya ɓata wani wuri, sannan wanda ya manne, gyaran ƙarshe daga baya in ma ana buƙata. Tarewa a kogi ba a gicciya shinge kai tsaye daga gaɓa zuwa gaɓa, in gudun ruwa ya wuce wajen santimita 35 a daƙiƙa man ta ƙarƙashi zai bi. Gwajin mai sauƙi ne, auna mita 10 jefa kara, in ya iso kafin daƙiƙa 30 ruwan ya yi ma shinge ƙarfi, sai a karkata shi a jirge ya riƙa gangaro da man zuwa lungun da ruwa ke kwance inda za a kwasa. Shingen kanfani in babu, a cusa busasshen karan shinkafa cikin tsohuwar koma ko sange a ɗaure kamar dogon matashi a jera bido babu komi a ciki ya riƙe shi sama, yana aiki a ƙaramin ruwa amma a riƙa canza shi in ya sha. A horo ɓuntun shinkafa nake watsawa a ruwa ya zama man, su tare shi su gani da idonsu yadda yake tsere musu.

A rairayi pelu mai faɗin baki da rato, a kankare sama-sama iya inda man ya kai, daga sama a nufo ruwa don kar a taka wurin datti a koma mai tsabta. A dutse da siminti a kankare sannan a kora da ruwan kogi ta injin ban-ruwa, ruwa mai yawa marar ƙarfi, shinge na jira a ƙasa. A Alaska sun yi amfani da ruwan zafi mai ƙarfi duwatsu suka yi kyau a ido amma halittun da ke jiki suka mutu. Omo da sabulu da maganin narkar da mai ba su shiga kogi, ba ɗauke man suke ba, cusa shi suke cikin ruwan da muke sha, tun 1967 a Ingila lokacin jirgin Torrey Canyon aka ga maganin da aka zuba ya yi ɓarna mai yawa a gaɓa. Cinna wuta kuma ba shawarar ƙungiyar matasa ba ce.

Laka da burgu su ne inda na fi jan kunne, don ni kaina na yi kuskuren. Shekarun baya wani mai gareji ya tuttular da baƙin mai ya gangaro wani lungu mai ciyawa, na tara samari da zafin zuciya muka afka, kafin la'asar wurin ya zama kamar inda shanu suka kwana, man da ke sama ƙafafunmu sun tura shi cikin laka inda babu iska babu rana, gefen da ba mu kai ba ya riga namu tsirowa. A Faransa ma haka aka yi bayan jirgin Amoco Cadiz a 1978, fadamar da aka kankare da manyan injina ta daɗe ba ta farfaɗo ba fiye da wadda aka bari. To a irin wurin nan a shimfiɗa katako a taka, ko a yi aikin daga cikin jirgi, in dole a yanke ciyawa a yanke ta sama da ruwa kar a tuge saiwa, in man kaɗan ne a kewaye wurin a hana dabbobi a bar shi ana lekowa duk mako. Faɗin a bar shi yana da wuya gaban mai unguwa da jama'a na kallo, shi ya sa nake sa su gwada faɗin a aji, ɗaya ya zama mai gari ɗaya ya yi mishi bayani, ranka ya daɗe in muka shiga ɓarnar za ta fi haka, ga abin da muka auna ga ranar da za mu dawo.

Sharar da aka kwaso takan ninka man da ya zube har sau 10 in ba a kula ba, kuma ita ke tsayar da aiki. Tun kafin pelu na farko a san inda za ta, rami ko fili sama da inda ruwa ke kaiwa da damina, nesa da rijiya, a shimfiɗa leda mai kauri a rufe sama, mai ruwa-ruwa cikin tano, rairayi daban ciyawa daban safar hannu da leda daban, buhu kar a cika shi ya fi ƙarfin mutum guda. A sa mai gadi, in ba haka ba da safe za ka tarar an kwashe tano an kai kasuwa. A rubuta buhu nawa tano nawa suka fita, wace mota, ina ta kai.

Tun ranar da aka fara shara ake yarda da inda za a tsaya, a rubuce. Misali wurin wanki da mashaya babu man da ke gogewa a hannu babu ƙyalli in an taka, jikin digi rini ya halatta shafe bai halatta ba, cikin burgu babu mai kwance. Ƙungiyar da ta duba da farko ita ke komawa ta sake dubawa ta sake tonawa, in ya kai kowa ya sa hannu, in bai kai ba a rubuta abin da ya rage.

Yinin ƙarshe, na huɗu ko na biyar, ba na shiga aji. Da asuba nake tura saƙo cewa sitarnin gazuwal ta kife a wuri kaza da ƙarfe kaza, in ba su gudun ruwa rabin mita a daƙiƙa, su lissafa da kansu cewa cikin awa guda man ya yi kusan kilomita 2, su faɗi wa za a fara kira, masu tace ruwa da masu injinan shinkafa da ke ƙasa su kashe famfo, su raba yankuna su fita su dawo da takardu kafin azahar, sannan in musanya takardun, ƙungiyar HG-02 ta karanta ta DM-01 ta gaya mini mutum nawa da kaya nawa za ta tura ba tare da ta je wurin ba. In ta iya to takardar ta yi. In ta tsaya tambaya sai masu rubutun su koma bakin ruwa. Bayan wasu watanni a sake kiran su, wanda aka horar da rani a fito da shi lokacin jan ruwa, don gaɓar da ya auna a Mayu da takunshi a Satumba tana ƙarƙashin ruwa.